Yadda Ake Kafa Kyamarorin Tsaro Masu Naɗi a Shago ko Gida, da Yadda Ake Gano Matsala Idan Sun Tsaya

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi a Kano ya kira ni da sassafe, muryarsa na rawa. An fasa masa sito cikin dare, an kwashe katan-katan na madara da man girki. Ya ce in zo in ciro masa hoton ɓarayin, tunda yana da kyamarori huɗu. Da na isa, ga talabijin a bango tana nuna ƙofar sito da layin baya da teburin kuɗi, tar da su. Na shiga wurin duba abin da aka naɗa, na tarar babu komai. Faifan ajiyar ya mutu wata biyar da suka wuce. Na'urar ta yi ta ƙara tana gargaɗi, har wani yaron shago ya gaji ya shiga ya kashe ƙarar. Wata biyar Alhaji yana kallon allo da kwanciyar hankali, alhali ko daƙiƙa ɗaya ba a ajiye masa ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Hoton da kake gani kai tsaye a allo yana nuna maka cewa kyamara tana da wuta, shi ke nan. Abin da ka biya kuɗi dominsa shi ne naɗin da za ka iya komawa ka buɗe ranar da wani abu ya faru, da fuskar da za a gane, da lokacin da yake daidai. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan na gina su.

Kafin ka sayi komai, ka zagaya wurin

Ɗauki takarda ka zana wurin, ka sa alama a ƙofofi da tagogi, da inda kuɗi ke canza hannu, da inda ake lodi da sauke kaya. A kowane wuri ka tambayi kanka: so nake in san wani ya wuce, ko so nake in gane ko wane ne? Amsar ita ce za ta zaɓar maka kyamara.

Masu wannan sana'a suna aiki da wani ma'auni daga ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kyamarorin tsaro mai lamba IEC 62676-4, bugun 2014. Don ka san cewa mutum ne ya gifta, ɗigon hoto 25 a kowace mita sun isa. Don ka gane wanda ka riga ka sani, kana buƙatar 125. Don a tantance baƙuwar fuska, sai 250. Yanzu yi lissafi: kyamara mai megafiksel 2 tana da ɗigo 1920 a faɗinta. Raba 1920 da 250, ka samu mita 7.7. Wato da zarar faɗin abin da take ɗauka ya wuce haka, fuska ta fara narkewa. Kyamara mai ido 2.8mm, wadda aka fi sayarwa saboda tana kwaso fili mai yawa, tana kai wannan faɗin a nisan mita uku kacal. Shi ya sa mutum zai kafa ta a kusurwar tsakar gida, ya ga komai, amma ranar da aka yi masa ɓarna sai ya ga inuwa sanye da hula.

Dabarar ita ce ka raba aiki. Mai faɗin ido ta kalli fili gaba ɗaya. A ƙofar da dole kowa ya bi, ka sa wata mai ido 4mm ko 6mm da ba ta da aikin komai sai fuska. Kada ka kai ta can ƙarƙashin rufin kwano. Daga mita biyu da rabi zuwa uku ya isa, don in ta yi sama da yawa tsakar ka kawai za ta riƙa ɗauka. Ka lura da rana kuma. Kyamarar da ke cikin shago tana fuskantar ƙofa, hasken waje zai mai da duk mai shigowa baƙi ƙirin, sai in tana da abin da ake kira WDR, wato saitin da ke daidaita haske da duhu a hoto ɗaya, kuma ka kunna shi.

Akwai maganar da nake yi wa kowane maigida kafin in huda bango. Kyamara ba ta leƙa tsakar gidan maƙwabci, ba ta kallon ɗakin kwana ko banɗaki, kuma a gidan da ke da iyali sai an shaida wa matan gida inda take kallo da wanda ke iya gani. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, Najeriya kuma tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda hoton mutum ke ƙarƙashinta. A shago ko ofis ka manna sanarwa cewa akwai kyamara, ka kuma gaya wa yaranka.

Kayan aiki

Tsari iri biyu ne a kasuwa, kowanne da sunan na'urar da ke naɗar hoton ake kiransa. Tsohon shi ne DVR, mai amfani da waya zagayayya irin ta eriya, kowace kyamara da tata wayar wuta daban. Wanda muke magana a kai shi ne NVR, inda kowace kyamara ƙaramar kwamfuta ce mai adireshinta, tana aika hoto ta wayar sadarwa irin ta kwamfuta. Ka nemi NVR mai PoE, wato wadda ke tura wuta da bayani ta waya guda. In ramukanta ba su isa ba, ko kyamarorin sun yi nisa, sai ka ƙara siwic mai PoE, wato akwatin da ke haɗa wayoyin sadarwa da yawa wuri guda. Ƙa'idar PoE mai lamba 802.3af tana ba da wat 15.4 a kowane rami, 802.3at kuma wat 30. Kyamarar da ba ta juyawa ta farkon ta ishe ta. Mai juyawa da zuƙowa tana son ta biyun. Ka kuma duba jimillar wutar da siwic ɗin zai iya bayarwa gaba ɗaya, an rubuta a jikinsa ko a kwalinsa, domin za mu dawo kan wannan a wajen matsalolin dare.

In za ka iya, ka sayi kyamara da NVR na kamfani ɗaya. In dole ka gauraya, ka tabbata duka suna jin ONVIF, yaren da kamfanonin Axis da Bosch da Sony suka kafa a 2008 don kayan kamfanoni daban-daban su fahimci juna. In kyamara huɗu kake buƙata yau, sayi NVR mai layi takwas; ban taɓa ganin wanda bai ƙara ba.

Faifan ajiya kada ka ciro na tsohuwar kwamfuta. Akwai waɗanda aka ƙera don rubutu dare da rana ba hutu, irin su WD Purple da Seagate SkyHawk. Girmansa kuma lissafi ne mai sauƙi. Kowane megabit ɗaya na bayanin da kyamara ke aikowa a daƙiƙa yana cin gigabait 10.8 a kwana. Kyamarar da aka sa a megabit 4 tana cin 43.2. Huɗu suna cin kusan 173. Faifai mai terabait 2 zai riƙe kwana goma sha ɗaya da ɗoriya, mai terabait 4 kuma kimanin kwana ashirin da uku. In kayanka suna jin H.265, wato sabuwar hanyar matse bidiyo, za ka iya rage adadin zuwa wajen rabin abin da tsohuwar, H.264, ke buƙata ba tare da hoton ya lalace sosai ba. Tambayi kanka kwana nawa kan wuce kafin ka gano an yi maka ɓarna. Wanda ke ƙidayar kaya sau ɗaya a wata, naɗin kwana goma ba zai amfane shi ba.

Sai waya, kuma a nan ne aka fi cutar mutane. Ana sayar da kwalin mita 305 da aka rubuta Cat6 a jiki, amma cikinta alminiyam ne da aka shafa wa jan ƙarfe, wadda ake kira CCA. Tana da araha, tana kuma yin aiki a makon farko. Sai dai wuta na raguwa a cikinta in ta yi tsawo, tana karyewa a wurin lanƙwasa, danshi kuma na cinye ta. Araha ba ta ado. Kafin ka biya, fere silin guda ka kankare shi da wuƙa: in cikinsa ya fito fari, ajiye musu kayansu. Jan ƙarfe na gaske ja ne har ciki. Waya ɗaya kada ta wuce mita 100 daga na'ura zuwa kyamara. Wasu siwic suna da maɓallin da ke kai ta har mita 250, amma gudun yana sauka zuwa megabit 10, don haka sai a lokacin larura.

Wuta

Ɓarawo ya fi son daren da aka ɗauke wuta, don haka tsarin da ke mutuwa tare da NEPA bai cika tsari ba. Kyamarori huɗu da NVR da rauta, wato akwatin da ke raba intanet, sukan ci wajen wat 40 zuwa 50, wato kusan kilowat-awa ɗaya a kwana. Batir mai bolt 12 da 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma in na ruwa ne ko makamancinsa rabi kawai ya kamata ka zuƙa in kana so ya yi ƙarko. Bayan asarar inbata, zai riƙe ka kamar awa goma zuwa sha biyu. Ƙaramin UPS na kwamfuta kuwa mintoci yake bayarwa. Amfaninsa shi ne ya cike giɓin da ke tsakanin ɗauke wuta da tayar da janareta, don yankewar wuta kwatsam na iya kashe faifai. In kana da sola, ka ba kyamarori layinsu daban, kada wanda ya jona dutsen guga ko hita ya kashe su. Rauta ma ka ɗora ta a kan wannan layin.

Da damina tsawa na bin dogayen wayoyin waje ta ƙone ramukan NVR. Ka sa abin kare tsawa a layin wuta da kan wayoyin da suka fita waje, ka kuma haɗa jikin na'urar da ƙasa yadda ya kamata. In za ka tsallaka daga gini zuwa gini, wayar gilashi, wadda ake kira fibre, ta fi, domin wuta ba ta bin ta.

Haɗa komai a kan tebur tukuna

Kada ka hau tsani sai kowace kyamara ta nuna hoto a gabanka. Buɗe NVR ka ɗaura faifai, ka jona allo da linzami, ka kunna. Za ta nemi ka ƙirƙiri kalmar sirri. Sa mai tsawo da ta haɗa haruffa da lambobi da alama, ka rubuta a takarda ka adana a gida. Ka cike wurin imel ko tambayoyin dawo da kalmar sirri tun yanzu, da imel ɗin mai wurin.

Daga nan shiga sashen ajiya, inda aka rubuta Storage ko HDD, ka zaɓi faifan ka danna Initialize ko Format. Sabon faifai ba ya karɓar naɗi sai an yi masa haka, kuma mutane da yawa a nan suke tuntuɓe. Ka tabbata an kunna Overwrite, don in ya cika ya riƙa goge mafi tsufa maimakon ya tsaya cak.

Yanzu jona kyamarori ɗaya bayan ɗaya da gajeriyar waya. In kamfaninsu ɗaya da NVR kuma a ramukanta ka sa su, cikin minti ɗaya ko biyu hoto zai fito, domin ita ke raba musu adireshi a wani keɓaɓɓen layi nata. A na kamfanin Hikvision layin yakan fara da 192.168.254, a na Dahua kuma 10.1.1. In ta siwic ka bi, aikin ya koma hannunka. Sababbin kyamarorin Hikvision sukan zo da 192.168.1.64, na Dahua da 192.168.1.108, ka ga in ka jona huɗu lokaci guda duk suna amsa suna ɗaya. Sauke manhajar SADP ta Hikvision ko ConfigTool ta Dahua a kwamfuta, za ta nuna maka duk kyamarar da ke kan layin. Ka ba kowacce kalmar sirri da adireshinta na dindindin.

Adireshin dole ya dace da na rautarka. In rauta tana 192.168.0.1, sa NVR a 192.168.0.200, kyamarori daga 201 zuwa sama, subnet mask 255.255.255.0, gateway kuma adireshin rautar. Shiga rautar ka taƙaita lambobin da take rabawa da kanta, misali daga 2 zuwa 150, don kada wata rana ta ba wayar wani baƙo lambar kyamararka. Manna farin tef a jikin kowace kyamara ka rubuta lambarta da inda za ta zauna.

Jan waya da kafawa

Bi da waya cikin bututun roba, musamman a silin inda ɓeraye ke yawo, da waje inda rana ke busar da roba har ta tsattsage. Kada ta kwanta jikin wayar wuta a doguwar tafiya. Bar tazarar taƙi ɗaya ko fiye. Wajen matse kan RJ45, wato kan robar da ake sa wa bakin waya, jera silolin da tsari ɗaya a duka ɓangarorin: fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ƙasa, ƙasa-ƙasa. Gwada kowace waya da na'urar gwaji har fitilu takwas su kama a jere kafin ka rufe bututu.

Mahaɗin da ke bayan kyamara shi ne lagonta. Cikin kwali akwai wata hular roba mai zobe da ake zura wa waya kafin a matse kai. Yawancin masu saurin gamawa jefar da ita suke yi su naɗe da salatif. Damina ɗaya ta isa ruwa ya shiga, fil ɗin su yi kore. Yi amfani da hular, ka ɓoye mahaɗin cikin akwatin bango, ka bar wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga don ruwa ya ɗiga a waje. Kyamarar waje ta kasance mai lambar IP66 ko IP67, alamar tana jure ƙura da ruwa.

NVR kuma kada ka ajiye ta ƙarƙashin talabijin inda kowa ke gani. Wanda ya san abin da yake yi, ita zai fara ɗauka. Nemi wuri mai kulle da iska ke ratsawa, don zafin watan Afrilu a cikin rufaffen akwati yana gajarta ran faifai, ka ja wayar HDMI zuwa allo. Kyamarar ƙofa kuma ka sa mata katin ajiya a cikinta, in tana da ramin, don ko an tafi da na'urar a samu abin dubawa.

Saitunan da ke yanke hukunci

Lokaci na farko. Zaɓi GMT+1 in kana Najeriya ko Nijar, GMT in kana Gana, ka kunna NTP don agogon ya riƙa daidaita kansa ta intanet, ka kashe canjin lokacin bazara na Turai. Naɗin da ya nuna 1970 ko 2000 yana wahalar nema, kuma yana da rauni a gaban hukuma. Sashe na 84 na dokar shaida ta Najeriya ta 2011 yana neman a tabbatar cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin da ta samar da abin da aka kawo kotu.

Na biyu jadawalin naɗi. Akwai naɗi ba tsayawa, akwai na motsi kawai. Na motsi yana tsimin faifai, amma yakan makara ko ya tsallake abin da ya faru a nesa. Ni a ƙofa da wurin kuɗi ba tsayawa nake sawa, kwana bakwai, awa ashirin da huɗu, sannan in kunna gano motsi don ya sa alama a layin lokaci, nema ya yi sauƙi. A wuraren da ka bar wa motsi, sa ya fara daƙiƙa biyar kafin motsin ya kuma ci gaba daƙiƙa talatin bayansa. Hoto 12 zuwa 15 a daƙiƙa ya wadatar a yawancin wurare. Ka sa mitar wuta a 50Hz don kada fitilu su riƙa rawa a hoton.

Na uku sai dare ya yi. Koma wurin bayan isha'i, ka sa wani ya bi ta ƙofar da tafiyar da mutum ya saba, ba tsayuwa ba, sannan ka buɗe naɗin ka tsayar da hoton a kan fuskarsa. Kyamara da dare takan jinkirta ƙiftawarta don ta tara haske, sai bango ya fito fes, mai tafiya kuma ya zama hayaƙi. In haka ka gani, shiga saitin Exposure ka hana ƙiftawar yin ƙasa da 1/100, ka ƙara ƙwan fitila a wurin don cike hasken da aka rasa. Ƙwai ɗaya mai kyau a bakin ƙofa ya fi ƙarin megafiksel amfani.

Kallo ta wayar hannu

Jona ramin LAN na NVR da rauta. A sashen Network kunna Hik-Connect ko P2P, gwargwadon kamfanin, ka jira ya nuna Online. Sauke manhajar, Hik-Connect ko DMSS, ka buɗe asusu, ka ɗauki lambar QR da ke allo. Asusun ya zama na mai wurin, da lambarsa ko imel ɗinsa. Na'urar asusu ɗaya take ɗaurewa da shi, kuma na sha ganin wanda mai kafa masa ya ɗaure da tasa wayar ya bar gari. In kana so wani ya gani, raba masa daga cikin manhajar, ka buɗe wa yara asusun kallo kawai wanda ba ya iya goge komai ko kashe gargaɗi.

Za ka ji ana maganar wata hanyar kallo daga nesa, wato buɗe ƙofofin shiga a saitin rauta, waɗanda ake kira port, masu lamba 80 da 554 da 8000 ko 37777. In da layin waya kake samun intanet, galibi hakan ba zai yi ba, domin kamfanonin sukan haɗa dubban mutane a bayan adireshi guda. Ko da zai yi ma ban ba ka shawara ba. A watan Oktoba na 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta tattara ɗimbin kyamarori da na'urorin naɗi da aka bari da kalmar sirrin kamfani, aka kai hari da su kan kamfanin Dyn a Amurka, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga mutane da yawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kashe UPnP, saitin da ke buɗe waɗannan ƙofofin da kansa, a rauta da NVR, ka riƙa sabunta manhajar na'urar daga shafin kamfanin kawai.

Ka kula da data. Babban hoto mai megabit 4 yana cin gigabait 1.8 a awa. Ƙaramin, wanda manhajar ke kira SD ko Basic ko Fluent, in yana kan rabin megabit, megabait 225 yake ci. Naɗin da ke faifai ba ya taɓa data ko kaɗan, kuma yana ci gaba ko babu intanet.

Idan abu ya tsaya

Ka bi daga wuta zuwa waya, zuwa adireshi, zuwa kalmar sirri. Kada ka fara da mayar da na'ura yadda ta fito daga kamfani. Wannan shi ne na ƙarshe.

Kyamara ɗaya ta ɗauke. Dubi fitilar raminta a NVR ko siwic. In ba ta kama ba, mayar da wayar wani ramin da ka san yana aiki. In har yanzu shiru, sauko da kyamarar ka jona ta da gajeriyar waya. Ta yi aiki? To laifin doguwar waya ne, kuma mafi yawan lokuta a kan RJ45 na waje yake. Yanke ka sake matsewa. Kada jan hasken idonta ya ruɗe ka. Bayani yana bin sili na 1 da 2 da 3 da 6, wuta kuma a wasu na'urorin tana bin na 4 da 5 da 7 da 8, don haka kyamara na iya samun wuta alhali silin bayani ya tsinke.

Fitila tana kamawa amma babu hoto. Karanta abin da NVR ta rubuta a gaban sunan kyamarar. In ta ce ba ta iya kai wa gare ta, adireshi ne: jona kwamfuta a layin, ka buga ping da lambar kyamarar, wato umarnin da ke gwada ko na'ura na amsawa, ko ka neme ta da SADP ko ConfigTool. In ta ce suna ko kalmar sirri ba daidai ba, daina gwadawa barkatai, don bayan kuskure kaɗan kyamarar na kulle kanta, a wasu har rabin awa. In ta wani kamfani ce, shiga cikinta ta burauza ka kunna ONVIF. Sababbin na Hikvision a kashe yake zuwa, kuma sai ka ƙirƙira masa mai amfani na daban. In suna ya fito amma allo baƙi ne, wataƙila kyamarar na aika H.265 ko girman da tsohuwar NVR ba ta iya buɗewa. Sauke ta zuwa H.264.

Hoto yana zuwa yana ɗaukewa, ko kyamara biyu suna musayar wuri. Na'ura biyu ne ke rigima a kan adireshi ɗaya. Cire kyamarar ka sake buga ping; in aka amsa, wani ne ya zauna a lambarta.

Da rana lafiya, da magariba sai ta mutu ko ta riƙa kunna kanta. Wannan wuta ce. Fitilun dare suna kamawa, cin wuta ya ƙaru, sai wayar CCA ko siwic da aka cika wa kaya ya gaza. Rage kyamara ɗaya ka gani. In sauran suka zauna, ka san inda matsalar take.

Hoton dare ya yi fari kamar hazo. Ko dai hasken kyamarar na dukan bango ko bakin rufi yana dawowa idonta, sai ka ɗan juya ta, ko kuma ƙura ce. Da hunturu sai ka goge gilashin duk mako biyu da tsumma mai laushi. Gizo-gizo ma na son wurin saboda ƙwarin da ke taruwa, zare ɗaya kuma ya isa ya cika maka waya da gargaɗin ƙarya har asuba. Zanzaro kan yi gini a ƙarƙashin hular, ka duba.

Na'ura tana ƙara ba ƙaƙƙautawa. Kada ka kashe ƙarar sai ka san dalilinta. Shiga Storage ka ga halin faifan. In ba ta ganinsa, kashe wuta ka sake zaunar da wayoyinsa biyu, ka kuma gwada wata adafta mai ƙarfin da ya dace, don adaftar da ta gaji takan kunna NVR amma ta kasa juya faifai. In gwajin lafiyar faifai da ake kira S.M.A.R.T. ya nuna lahani, ko kana jin ƙas-ƙas daga ciki, kwafe abin da kake buƙata ka canza shi a ranar.

Agogo yana komawa baya duk lokacin da aka ɗauke wuta: ƙaramin batir mai kama da kwabo da ke kan allon cikin NVR ya ƙare, canza shi. Manhaja ta ce Offline alhali allo na nunawa: duba ko data ta ƙare, sannan gateway, sannan a sashen Network ka sa DNS a 8.8.8.8. In an canza rauta kwanan nan, lambobinta na iya bambanta da na da, sai ka gyara na NVR su dace.

Ranar da ake buƙatar naɗin

Kada ka jira ranar kafin ka koya. Yau ɗin nan sa filas a NVR, shiga Playback, zaɓi kyamara da lokaci, ka fitar da minti biyar. Zaɓi MP4 in akwai. Na'urorin Dahua kan fitar da DAV, wanda ke son manhajarsu. Buɗe shi a kwamfuta da manhajar VLC ka tabbata yana tafiya. Filas mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4, don haka dogon naɗi sai a yanka shi.

In abu ya faru, fara da kulle naɗin wannan lokacin ko fitar da shi nan take, kafin faifai ya zagayo ya goge. Ɗauko daga awa ɗaya kafin abin zuwa awa ɗaya bayansa, daga dukkan kyamarori, har da kwanakin baya in kana zargin an zo leƙen wuri. Yi kwafi biyu, ka ba 'yan sanda ɗaya, ka riƙe ɗaya ba tare da ka taɓa shi ba. Ɗaukar allon da kyamarar waya yana zubar da rabin ingancin, kuma yaɗa fuskar wanda ake zargi a Facebook ko WhatsApp kafin bincike na iya jawo wa marar laifi bala'i.

Alhajin da na fara da labarinsa, mun sa masa sabon faifai mai terabait 4, muka mayar da na'urar wani ɗaki mai kulle, muka karɓe ikon kashe gargaɗi daga asusun yara. Na kuma roƙe shi abu ɗaya: duk ranar Juma'a kafin ya rufe shago ya tafi masallaci, ya buɗe naɗin daren jiya da ƙarfe uku, kyamara bayan kyamara, ya dubi agogon da ke kusurwar hoton ya gwada da na wayarsa, sannan ya ja baya ya ga kwana nawa faifan yake riƙe da su. Duka-duka minti uku yake ɗauka.